Burodi da ƙwai ko gurasa bandashe: Wanne ke riƙe ciki a Gwarzo da Kabo?

A Gwarzo da Kabo da wuya ka ji wani ya ce a ba shi "sanwic". Amma abin da Bature ke kira da wannan suna, wato a tsaga burodi a cusa masa wani abu a ciki, shi ne karin kumallon ɗimbin mutane a waɗannan ƙananan hukumomi biyu na yammacin Jihar Kano. Direbobin da ke lodi a tasha, 'yan acaɓa, leburori, malaman makaranta masu sammako, ɗalibai, har da magidantan da aka daina hura wuta da safe a gidajensu, duk a nan suke karyawa.

Wanda ya fi shahara shi ne burodi da ƙwai na teburin mai shayi. Kowa ya san kuɗinsa ya hau tun daga 2023. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne abin da aka zare daga cikinsa a ɓoye, don kada farashin ya kori mai saye gaba ɗaya: burodin ya yi sakayau, ƙwai biyu sun koma ɗaya, albasa ta cike gurbin, man suya kuma sai ya yi baƙi kafin a sauya shi.

Don haka idan ana son a gwada ire-iren wannan abinci a ba kowanne makinsa, tambayar daɗi ba ita ce ta farko ba. Ga mai neman na kansa, tambayar ita ce: wanne ne zai kai shi azahar bai sake laluben aljihu ba?

Yadda masu ci ke auna shi

Mai cin burodi kullum ba ya buƙatar ɗakin gwaji. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Gwajin farko a hannu yake. Ana ɗaga burodin a ji nauyinsa, sannan a matsa shi da yatsa. Burodin kirki yana lotsawa ya dawo a hankali. Wanda aka kumbura da iska kuwa sai ya lafe kamar auduga, idan aka dunƙule shi a tafin hannu bai fi loma biyu ba. Irin wannan ne yake narkewa da zarar ya taɓa shayi.

Na biyu a harshe yake. Zaƙin sukari yana wucewa da haɗiya. Idan zaƙin ya yi yawa kuma ya bar wani ɗaci-ɗaci a bayan harshe, masu ci kan zargi cewa ba sukari ba ne aka zuba.

Na uku kuwa ido ne a kan kasko. Ƙwai nawa aka fasa a gabanka? Wane launi man yake? Shi ya sa tsofaffin kwastomomi suka fi son zama a bencin da ke fuskantar risho.

Da waɗannan ma'aunai, ga yadda manyan nau'o'in da ake samu a kan hanyar Kano zuwa Gwarzo, da cikin garuruwa irin su Getso da Garo da Kabo, suke fitowa.

Burodi da ƙwai: sarkin da rawaninsa ya sassauta

A daɗi har yanzu babu na biyunsa. Wainar ƙwai mai zafi da albasa da attaruhu da ɗan dunƙule, a naɗe ta a cikin burodi, wani mai shayin ma ya mayar da shi kan kasko ya danna har bayan ya yi ƙamas-ƙamas. Ana soya shi a gabanka, ka ci da zafinsa, wanda hakan babbar kariya ce ta fuskar lafiya.

Amma shi ne ya fi kowanne shan duka, domin duka ɓangarorinsa biyu sun yi tsada a lokaci guda. Kiret ɗin ƙwai mai guda 30, da ake samu ƙasa da naira dubu ɗaya kafin 2020, ya haura naira dubu biyar a 2024. Dalilin ba boyayye ba ne: abincin kaji masara ne da waken suya, kuma da suka yi tashin gwauron zabi, ƙungiyar masu kiwon kaji ta ƙasa ta sha kokawa cewa gonaki da yawa sun rufe.

Sakamakon a kan tebur shi ne ƙwai ɗaya da aka kaɗa har ya yi kumfa, aka baza shi a faɗin kasko don ya rufe burodin. A ido ya cika. A ciki kuwa, ƙwai ɗaya bai fi giram shida na sinadarin gina jiki ba, sauran duk fulawa ce da mai. Wanda zai yi dako ko ya yi yini a kan babur, kafin hantsi ya dubi ludayi ya sake jin yunwa. Makinsa a daɗi na sama ne, a riƙe ciki kuwa tsaka-tsaki, sai fa ga mai halin cewa a fasa masa uku.

Burodi da ƙosai, burodi da awara

Nan ne labarin yake. Da can ana yi wa mai cusa ƙosai a burodi kallon wanda kuɗinsa bai kai na ƙwai ba. Yanzu ya zama abin yau da kullum a sayi burodi a shago, a tsallaka wurin mai tuyar ƙosai ko yarinya mai bokitin awara, a tsaga, a jera, a barbaɗa yaji.

Wannan haɗi da talauci ya tilasta ya fi yadda ake zato hikima. Alkama tana da ƙarancin wani sinadari na gina jiki da wake ke da shi da yawa, don haka idan suka haɗu sai su cike wa juna giɓi. Busasshen wake yana da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na sinadarin gina jiki, waken suya kuma ya haura kashi ɗaya cikin uku. Ga shi wake yana jimawa a ciki kafin ya narke. Duk wanda ya karya da burodi da ƙosai ya bi da kofin koko ko kunu ya san bambancin.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne inda kuɗin ke zuwa. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, kuma wake da waken suya amfanin gona ne da manoman wannan yanki suka sani. Matar da ke tuya a ƙofar gida daga kasuwar ƙauye take auno kayanta. Kuɗin ƙosai a gari yake kwana.

Inda ake rage musu maki shi ne mai. Ƙosai da awara duk a cikin mai suke iyo, kuma da man gyaɗa ya yi tsada, masu tuya da dama sun koma maimaita mai ɗaya kwana da kwanaki, ana ƙara sabo a kan tsoho. Ƙosan da ya fito da duhu da ɗan maƙaƙi a wuya alama ce ta man da ya gaji. Awara kuma tana da nata sharaɗin: wadda aka haɗa da ruwan tsami mai kyau aka soya da safe daban take da wadda ta yini a rana cikin rufaffen bokiti. Duk da haka, idan aka haɗa kuɗi da ƙoshi, wannan rukuni ne ya zo na ɗaya.

Gurasa: sanwicin Kano tun kafin a san sunan

Turawa sun ɗauko sunan sanwic ne daga wani basaraken Ingila na ƙarni na 18, John Montagu, mai riƙe da sarautar garin Sandwich. Kanawa ba su jira shi ba. Gurasa, wadda tarihin baka ke dangantawa da Larabawan da suka yi fatauci zuwa Kano, ta daɗe tana ɗaukar tsire da balangu a bayanta, kuma har yau unguwannin cikin birni irin su Jakara sun yi suna da ita.

Bandashe ita ce gurasar talaka: a yayyafa mata ruwa ta yi laushi, a zuba garin ƙuli-ƙuli da yaji, a kwarara man ƙuli, a yanka albasa da tumatir da kabeji ko gurji. Ta fi burodin shago nauyi a ciki, domin ba a kumbura ta sosai, ba a cika mata sukari da bota ba, ƙuli-ƙulin kuma gyaɗa ce. A riƙe ciki tana kafaɗa da kafaɗa da burodi da ƙosai. Idan aka ɗora tsire a kai an wuce maganar karin kumallo, an shiga shagalin ranar kasuwa.

Rauninta biyu ne. Na farko, ɗanyen kayan lambun da ake yankawa da ruwan da ake yayyafawa. Ba sa hawa wuta, don haka tsaftar mai sayarwa ita ce kaɗai garkuwar mai ci, musamman da damina lokacin da amai da gudawa ke yawo. Na biyu, gurasa ma 'yar fulawa ce. Wanda ya gudu daga burodi ya faɗa gurasa bai fita daga hannun dala ba.

An ga haka ƙarara a farkon Fabrairun 2024, lokacin da mata masu yin gurasa suka fito zanga-zanga a birnin Kano, suna kukan cewa buhun fulawa ya haura naira dubu 40 kuma jarinsu ya karye. Ba kasafai ake ganin matan da sana'arsu ta cikin gida ce a kan titi da kwalaye ba.

Na shago da na waya

Akwai kuma sabon yayi: yankakken burodi da kifin gwangwani ko dafaffen ƙwai, da kabeji da karas da bama, a yanka shi kusurwa uku a naɗe a leda. Wasu shaguna na ajiyewa, amma an fi samunsa wurin matan aure da 'yan mata masu girki a gida suna tallatawa a WhatsApp, tare da su samosa da cincin. Zuwan babbar makarantar kimiyya da fasaha ta tarayya garin Kabo, da ma'aikatan asibiti da na sakatariya a Gwarzo, ya samar wa irin wannan sana'a 'yar kasuwa.

A kyan gani da tsaftar hannu, na gida sukan fi. Matsalar ita ce bama da dafaffen ƙwai ba sa shiri da zafi. A watan Afrilu, da rana ke kai maki 40 a ma'aunin zafi, ga wutar lantarkin da ba a dogara da ita, sanwicin da aka haɗa da asuba ya zama abin tsoro kafin la'asar. Wanda aka yi bisa oda aka kawo nan take ba shi da laifi. Wanda ya kwana a gilashin shago kuwa, gara a haƙura. A kuɗi kuma shi ne mafi tsada, ga shi ba ya kai ko'ina a ciki. Abin marmari ne.

Me ya sa burodin ya rame?

Duk waɗannan nau'o'i, in ban da abin da ake cusawa, a kan abu ɗaya suke tsaye: fulawar alkama. Ita kuwa kusan gaba ɗayanta daga waje take zuwa.

Najeriya na shigo da alkama ta miliyoyin tan duk shekara. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar kan noman alkama na 2021 ya nuna abin da aka noma a ƙasar bai kai tan dubu 40 ba, kuma Kano ce ta zo ta ɗaya a cikin jihohi. Wato ko jihar da ta fi kowa nomawa, abin da take samarwa ɗigo ne a cikin abin da gidajen burodinta ke murzawa.

Daga nan sai masifu suka jero. A Fabrairun 2022 Rasha ta afka wa Yukiren, ƙasashe biyu da ke fitar da sama da kashi ɗaya cikin huɗu na alkamar da ake cinikinta a duniya. A watan Yulin shekarar masu gidajen burodi na Najeriya suka dakatar da aiki na 'yan kwanaki don nuna kukansu. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur, a watan Yuni kuma aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da gwamnati ke sayarwa kusan naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Zuwa Yunin 2024, hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin ɗari a lissafin hukuma.

Mutumin Gwarzo yana biyan wannan sau biyu. Alkamar ta sauka a tashar jirgin ruwa, a niƙa ta, a ɗoro fulawar a tirela zuwa Kano, dillali ya saya a kasuwa irin ta Singa, sannan a sake ɗora ta a mota ta yi tafiyar kusan kilomita 70 zuwa Gwarzo. Kowane zango da kuɗin mansa. Sukari da bota da yis da leda duk hanyar da suke bi ke nan.

Kasuwar fulawar kanta a hannun 'yan tsiraru take. Kamfanin Olam ya sayi kamfanin fulawa na Dangote a 2019, Flour Mills of Nigeria kuma ya karɓe Honeywell a 2022. Mai ƙaramin gidan burodi a ƙauye ba shi da bakin ciniki da irin waɗannan. Abin da aka yanka masa shi zai biya.

To, ya zai yi? Idan ya ninka farashi, kwastomansa manomi ne da ɗan acaɓa, za su koma koko da ɗumame. Sai ya zaɓi hanyar da ba ta da hayaniya: ya rage curin ƙullun da yake sawa a gwangwani, ya bar shi ya ƙara tashi don ya cika ido. Girman na nan, nauyin ya tafi. Hauhawar farashi ce wadda ba ta bayyana a baki, sai a ciki.

Haɗarin da ke cikin kumburi

A nan ne maganar ta wuce ta aljihu. Akwai sinadarin da ake kira buromet, mai sa ƙullu ya tashi sosai burodi ya yi fari da laushi da fulawa kaɗan. Hukumar NAFDAC ta haramta amfani da shi a burodi tun farkon shekarun 2000, zamanin marigayiya Dora Akunyili, saboda cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin abubuwan da ka iya jawo cutar daji, ga kuma illa ga ƙoda. Hukumar ta sha gargaɗin masu gidajen burodi kan shi da kuma sakarin, wanda wasu ke sawa a madadin sukari.

Wannan ba yana nufin duk burodi mai laushi yana da buromet ba, kuma zalunci ne a yi wa masu sana'ar kuɗin goro. Da yawansu suna fama ne su tsira da mutuncinsu. Amma lissafin a fili yake: duk lokacin da fulawa da sukari suka yi tsada, ribar mai ha'inci tana ƙaruwa, mai gaskiya kuma yana ganin burodin maƙwabcinsa ya fi nasa girma a farashi ɗaya. Burodin da ake kaiwa ƙauyuka a bayan babur sau da yawa ba ya ɗauke da suna, balle lambar rajista ko ranar da aka gasa shi. Jami'an da za su duba kuma sun fi yawa a birni.

Hatsi ya sauka, burodi bai ji ba

A 2025 farashin masara da gero da wake ya sauko sosai a kasuwannin Arewa, har manoma suka koma kuka saboda tsadar taki. A watan Yulin 2024 ma gwamnatin tarayya ta sanar da janye harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, ciki har da alkama. Amma wanda ke zama a teburin mai shayi bai ga burodi ya koma nauyinsa na da ba. Abin da ya hau a Najeriya ba ya son saukowa, wanda aka rage wa nauyi kuwa ya fi wuyar dawowa, tunda babu wanda ya taɓa sanar da cewa an rage.

Wannan ya ƙara buɗe tazara tsakanin ɓangarori biyu na sanwicin talaka. Abin da ake cusawa, in na gida ne kamar ƙosai da awara da ƙuli-ƙuli, yana bin kakar gona: in an samu albarka ya yi sauƙi. Burodin kuwa yana bin dala da jirgin ruwa. Ba abin mamaki ba ne idan aka ga mai saye yana karɓar ƙaramin burodi ya ƙara yawan ƙosai, ko ya bar burodin ɗungurungum ya koma waina da ɗanwake.

Ko za a iya noma alkamar a gida? Tambayar ta tsufa. Gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, aka zuba kuɗi a noman rani a wurare irin su Kadawa, amma zuwa 1992 aka janye haramcin domin abin da ake nomawa bai kusa isa ba. Gwamnatocin Obasanjo da Jonathan sun gwada cusa garin rogo a burodi, bai karɓu ba. A Nuwamban 2023 aka sake ƙaddamar da shirin noman alkama na rani a Jigawa da tallafin Bankin Raya Afirka.

Yankin nan ba ya rasa ruwa. Akwai madatsar Guzuguzu a Kabo, ga babbar madatsar Challawa a maƙwabciyarsu Ƙaraye. Sai dai alkama tana son sanyin hunturu, dole a shuka ta a kan kari wajen Nuwamba, ta sha ban-ruwa sau da yawa, kuma injin ban-ruwa fetur yake sha. Manomin da ya auna kuɗin mai da taki sau da yawa yakan ga albasa ko tumatir ko masarar rani sun fi masa. Ko da ya noma, ya fi samun kuɗi idan ya sayar wa masu alkaki da funkaso da taliyar murji a kasuwa. Alkamar Kabo ba za ta sauko da farashin burodin Kabo nan kusa ba.

Abin da ke hannun hukumomin kusa ya fi wannan sauƙi. Gidajen burodin da ke ciyar da ƙananan hukumomin biyu ba su da yawan da za a kasa zagaye su. Kowace ƙaramar hukuma tana da sashen lafiya da jami'an duba-gari. Za a iya wajabta wa kowane gidan burodi ya buga sunansa da nauyin burodin da ranar gashi a jikin leda, a riƙa ɗaukar samfuri lokaci-lokaci ana aika wa ofishin NAFDAC na Kano, ƙungiyar masu gidajen burodin kuma ta sa hannu, tunda 'ya'yanta masu gaskiya ne suka fi cutuwa da gasar masu ha'inci. Kayan aikin farko da ake buƙata sikeli ne irin wanda ke kan teburin kowane mai sayar da nama a kasuwar Getso.